Ruwan da ke hawa bangon kofi, da zaren guguwar da ke cikinsa: me masana ke gardama a kai?

Kwanan nan wani ɗan bidiyo ya yi ta yawo a gurup-gurup na WhatsApp a nan Jos. Za ka ga ruwa garau a cikin ƙaramin kofin gilashi, ba wanda ya taɓa shi ba wanda ya karkata kofin, amma sai ga shi yana ɗiga ta ƙarƙashi ɗis-ɗis har ya ƙare, kuma kofin ba huda ko ɗaya. Wasu suka ce haɗin kwamfuta ne, wasu suka ce siddabaru, akwai ma wanda ya rubuta wai an gano ruwan da zai ba da lantarki ba fetur ba dizal. A teburin wani mai shayi da ke Bauchi Road gardamar ta yi zafi har wani dattijo ya juya wajen wani ɗalibin fiziks da ke cin biredinsa a gefe ya ce, "Kai ɗana, ku da kuke karatun nan, abun nan gaskiya ne ko dai ƙaryar 'yan waya ce?" Yaron ya ce, "Baba gaskiya ne, sai dai ba ruwan sha ba ne, hiliyom ne. Ba shi da danƙo sam, amma duk da haka yana hargitsewa, kuma hargitsin nasa zare-zare ne." To wannan amsar ta ƙara rikita mutane fiye da bidiyon, shi ya sa za mu bi maganar a hankali.

Wane irin ruwa ne wannan

Hiliyom dai iskar nan ce da ake hura wa balan-balan na biki ta tashi sama. Idan aka sanyaya ta sosai sai ta koma ruwa, kuma wanda ya fara yin haka shi ne Kamerlingh Onnes a garin Leiden na ƙasar Holan a 1908. Sanyin da ake magana ba irin na Jos ba ne, mu da muke kuka in hunturu ya sauko da ma'auni wajen digiri 10 har a ƙi wankan asuba. Hiliyom ba ya zama ruwa sai a digiri 269 ƙasa da sifiri. Ƙarshen sanyi gaba ɗaya, inda ba a iya wucewa, yana digiri 273.15 ƙasa da sifiri, daga nan ne ma'aunin Kelbin yake fara ƙirga, don haka masana sukan ce hiliyom yana tafasa a Kelbin 4.2.

Idan aka ƙara sauka zuwa Kelbin 2.17 sai abun mamaki ya faru. Ruwan da yake ta ɓararraka yana kumfa sai ya yi tsit lokaci guda kamar an kashe masa wuta, kuma ya rasa danƙonsa. Danƙo a nan shi ne abun da ya sa zuma take jan jiki wajen zuba, man gyaɗa ya fi ta sauri, ruwa ya fi man gyaɗa, kananzir ma haka. Kowane ruwa da muka sani yana da nasa ko yaya ne, shi ne birkinsa. Wannan kuwa zai bi ta ramin da ko iska ba ta iya bi da sauƙi, kuma yana shafe bangon kofi da wani siririn fefe da ido ba ya gani, ya hau ta ciki ya gangaro ta waje, abun da aka gani a bidiyon ke nan. Pyotr Kapitsa a Mosko da John Allen da Don Misener a Kambirij ne suka gano rashin danƙon, aka buga sakamakonsu a Janairun 1938. Masana na ce masa sufafuluwid, mu a nan za mu ce ruwa marar danƙo.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe. Laszlo Tisza a 1938 da Lev Landau a 1941 sun nuna cewa ruwan yana aiki kamar ruwa biyu ne a cakuɗe, ɗaya mai danƙo ɗaya marar danƙo, kuma duk sanda sanyi ya ƙaru sai mai danƙon ya ragu, in an sauka ƙasa da Kelbin 1 kusan babu shi.

Ba a sayar da rabin ƙwai

Ka lura da kofin shayinka in ka juya shi da cokali. Tsakiya za ta lotsa, ganyen shayi da kumfar madara su riƙa kewayawa, in ka juya a hankali ya juya a hankali in ka ƙara hannu ya ƙara, duk gwargwadon da ka ga dama, sannan in ka cire cokalin bayan 'yan daƙiƙu ya tsaya don danƙo ya cinye ƙarfin.

Ruwa marar danƙo ba ya yarda da wannan. Ƙwayoyin zarrarsa duka sun shiga hali guda suna tafiya kamar sahu ɗaya, abun da Fritz London ya danganta da hasashen Bose da Einstein tun 1938, kuma dokar kwantom, wato dokar fiziks da ƙwayoyin zarra ke bi, ta hana irin wannan ruwa juyawa yadda ya ga dama. Lars Onsager a 1949 da Richard Feynman a 1955 ne suka warware yadda yake yi: in dole sai ya juya, to sai ya huda wani siririn rami dogo kamar zare a cikin kansa, ruwan ya riƙa kewaya zaren, sauran wurin kuma ba juyi. Kuma ƙarfin juyin ba a raba shi. Kamar ƙwai ne a shago, ko ɗaya ko biyu, mai shago ba zai yanka maka rabi ba. A aikace ma kowane zare ɗaya yake ɗauka, don mai ɗauke da biyu rabewa yake yi ya zama zare biyu. Adadin ya dogara ne da lambar Planck, wata tsayayyiyar lamba ta fiziks da ba ta canzawa, da nauyin ƙwayar hiliyom kawai, shi ya sa zaren da aka yi a Manchesta da wanda aka yi a Tokyo ba su da bambanci ko na ƙwayar gero. Joe Vinen ya auna shi a 1961 da wata siririyar waya mai karkarwa ya samu daidai da lissafi.

Sirantar zaren ta wuce misali, sai ka jera kusan miliyan 10 gefe da gefe kafin su cika milimita ɗaya, amma tsawonsa zai iya kaiwa daga gindin mazubi har sama. Ba ya yankewa a tsakiyar ruwa, ko dai bakinsa biyu su manne a bango ko saman ruwan, ko kuma ya haɗe kai da wutsiya ya zama zobe ya riƙa tafiya da kansa. In ka ɗora bokitin wannan ruwa a kan faifai mai juyawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 6 da 'yan kai, zare kusan 2,000 ne za su miƙe tsaye a kowane fili mai girman farcen ɗan yatsa, a jere tsaf kamar shukar layi. Daga nesa sai ka rantse ruwan yana juyawa kamar shayi ne. A 1979 Yarmchuk da Gordon da Packard a Berkeley ta Amurka suka ɗauki hoton wannan jerin.

Idan zaren ya cukurkuɗe

Hargitsin ruwa kowa ya san shi ko bai san sunansa ba. Shi ne abun da kake gani a gindin gangaren ruwan Assop in damina ta yi nisa, ko a kwata bayan ruwan Agusta, ko hayaƙin mai tsire da zai tashi a miƙe sannan ya watse, ko girgizar da jirgi ke yi tsakanin Abuja da Legas. Lissafinsa ya gagari duniya har yau, ƙa'idojin Navier da Stokes da ke bayanin tafiyar ruwa suna cikin matsaloli bakwai da Cibiyar Clay ta sa wa kowace ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000.

Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce kasuwar Farin Gada. Mota ta sauke kaya, dila ya raba wa masu buhu da kwando, su kuma su raba wa masu kashi, har ya kai ga uwargida da ta sayi tumatir na miyar dare ta jefa a tukunya ya narke. Haka ƙarfi yake yi a ruwan da ya hargitse, babbar guguwa ta miƙa wa matsakaita, matsakaita ta miƙa wa ƙanana, can ƙasa danƙo ya maida shi zafi shi ke nan. Lewis Richardson ya kawo wannan tunani a 1922, Andrey Kolmogorov kuma a 1941 ya fitar da ƙa'idar yadda rabon ke tafiya, wadda ake gane ta da lambar biyar bisa uku.

Feynman ya yi hasashen cewa hargitsin ruwa marar danƙo zai zama zare ne da ya cukurkuɗe, kamar zaren tela da kyanwa ta yi wasa da shi. Vinen ya tabbatar a 1957 ta hanyar sa zafi a ƙarshen bututu, ɓangare mai danƙo ya ɗauki zafin ya yi gaba marar danƙo ya yo baya, da gudun ya yi yawa sai zare ya cika bututun. To kuma zaren ba zaune yake ba. In biyu suka matso juna sai su taɓa, su yanke, kowanne ya ɗauki jelar ɗan'uwansa su rabu da sauri kamar an saki roba. Wannan musayar ita ce ke hana cukurkuɗen zama ƙulli ɗaya, ita ce ke haifar da zobba, Klaus Schwarz ya nuna muhimmancinta da kwamfuta a shekarun 1980. An daɗe ba a ga abun da ido ba sai a 2006, lokacin da Bewley da Lathrop da Sreenivasan suka watsa ƙananan ƙanƙarar haidirojin a cikin ruwan, ƙanƙarar ta maƙale a jikin zaren kamar yadda tsuntsaye ke jeruwa a wayar lantarki, suka haska leza suka ɗauki hoto.

Tsintsiya ko taliya

Nan ne ainihin maganar take. A 1998 Maurer da Tabeling a Faris suka dama hiliyom da faifai biyu masu juyawa saɓanin juna, suka auna sama da Kelbin 2.17 suka auna ƙasa da shi, sai ga ƙa'idar Kolmogorov ta fito duka biyun kusan ba bambanci. Tambayar da ta taso ita ce, ta yaya ruwan da duk zarensa girma ɗaya ƙarfi ɗaya zai yi manyan guguwa da ƙanana kamar ruwan rafi?

Amsar da akasari suka karkata gare ta ita ce tsintsiya. Tsinke ɗaya ba ya shara, amma in zare ɗari suka jeru suna fuskantar gefe guda suna juyi iri ɗaya sai ƙarfinsu ya haɗu su zama babbar guguwa, dami mai zare goma ya zama ƙarama, ta haka ake samun manya da ƙanana. Lissafin kwamfuta, musamman na ƙungiyar Carlo Barenghi a jami'ar Newcastle, ya nuna in aka ware zaren da suka yi dami daga waɗanda ke warwatse, masu damin ne ke ɗauke da tsarin Kolmogorov, sauran kuwa suna da yawa amma juyinsu yana kashe na juna.

Sai dai ba kullum tsintsiya ake samu ba, wani lokaci taliya ce da aka juye a faranti, kowane zare ya kama gabansa, ba dami ba babbar guguwa. Wannan ake kira hargitsin Vinen. Walmsley da Golov a Manchesta sun nuna a 2008 cewa a mazubi ɗaya za a iya samun kowanne, ya danganta da yadda aka tayar da shi: in an ɗan harba zobba na ɗan lokaci sai a samu taliya, in an daɗe ana turawa har ruwan ya ɗauki babban motsi sai a samu tsintsiya. Ana bambanta su ta yadda suke mutuwa. A na taliya in lokaci ya ninka sau 4 yawan zaren zai koma kashi ɗaya bisa 4, a na tsintsiya kuwa ɗaya bisa 8.

Masu taka-tsantsan suna da hujja su ma. Suna cewa yawancin hotunan dami masu kyau da ake nunawa daga kwamfuta suka fito, kuma na'urorin awo da yawa sun fi tazarar da ke tsakanin zare da zare girma nesa ba kusa ba, tazarar da kan kai kaurin gashi ko ƙasa da haka, don haka na'urar tana ganin jimla ne kawai, kamar mai kallon kasuwa daga saman dutse. Gwajin da aka yi a Maryland a 2008 ya nuna in ka bi ƙananan ƙwayoyi ɗaya-ɗaya za ka ga suna yin gudun ba-zata fiye da yadda ake gani a ruwan yau da kullum, daga baya masu bincike a Furag suka nuna cewa in ka duba kusa ka ga halin kwantom, in ka ja baya ka ga halin ruwan rafi. Kenan ɓangarorin biyu kowa ya faɗi abun da ya gani ne daga inda ya tsaya.

Su kansu hanyoyin lissafin biyu ne kuma kowace da raunin ta. Ta Schwarz tana ɗaukar zaren a matsayin layi marar kauri, tana iya bin zare masu yawan gaske, amma musayar jela sai mai rubuta manhaja ya sa ta da hannu. Ta Gross da Pitaevskii ta 1961 musayar tana fitowa da kanta, sai dai an gina ta ne don iska mai sako-sako, hiliyom kuwa ruwa ne cunkusasshe.

To ina ƙarfin yake zuwa

A kasuwar Farin Gada tukunya ce ƙarshe. A ruwan da aka sanyaya ƙasa da Kelbin 1 babu tukunyar, tunda ba danƙo, amma duk da haka in an daina damawa hargitsin yana mutuwa. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne duk sanda zare biyu suka yi musaya sai su bar lanƙwasa mai kaifi, lanƙwasar ta bi jikin zaren tana murɗawa kamar yadda igiyar shanya ke yi in ka kaɗa bakinta. Ana kiran wannan igiyar Kelvin, don Lord Kelvin ne ya yi lissafinta tun 1880 a kan ruwan yau da kullum. Manyan murɗa su haifi ƙanana, ƙanana su haifi ƙanana, har karkarwar ta yi saurin da za ta fita a matsayin sauti a cikin ruwan, sautin ya zama zafi. An ɗauki hoton irin wannan murɗa a 2014.

A kan yadda rabon yake tafiya a jikin zaren an yi doguwar jayayya a mujallu. Kozik da Svistunov a 2004 suka ce lambar bakwai bisa biyar ce, L'vov da Nazarenko a 2010 suka ce akwai kuskure a wani zato da aka yi, biyar bisa uku ce. Lambobin suna kusa da juna sosai shi ya sa raba gardamar ya yi wuya, lissafin kwamfuta na baya-bayan nan dai ya fi goyon bayan na biyun. Akwai kuma saɓani kan mahaɗar, wato inda ƙarfi ke barin manyan dami ya koma kan zare ɗaya-ɗaya, wasu na cewa yana yin cunkoso a wurin kamar go-sulo a Nyanya da yamma, wasu na cewa musayar jela tana buɗe hanya ya wuce.

Hiliyom ba shi kaɗai ba ne. A 1972 an gano ɗan'uwansa hiliyom-3 ma yana rasa danƙo a sanyin da ya ninka wannan, a 1995 kuma aka samar da irin wannan hali a iskar ƙwayoyin zarra da aka sanyaya da leza, aikin da ya ba Cornell da Wieman da Ketterle kyautar Nobel ta 2001. A can zaren ya fi kauri ana iya ɗaukar hotonsa. A 2019 ƙungiyoyi biyu a Ostireliya suka ga guguwoyi masu juyi iri ɗaya suna taruwa wuri guda a irin wannan iska da aka baje ta fale-fale, abun da Onsager ya hango tun 1949.

Me ya shafi mai shayi da kwastomominsa

Maganar lantarki kyauta dai babu ita. Ruwan zai iya kewayawa a zobe ba tsayawa, gaskiya ne, amma da ka ɗebi ƙarfi daga gare shi ka rage masa gudu, kuma injin da zai riƙe shi a Kelbin 2 yana shan wutar da ta ninka duk abun da za ka samu. Wanda ya zo da tallan zuba jari a kan haka a riƙe aljihu.

Inda ake amfani da shi da gaske shi ne sanyaya manyan maganaɗisu. Babbar na'urar binciken ƙwayoyin zarra ta cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27, tana aiki ne a Kelbin 1.9, ta fi sararin samaniya sanyi tunda shi yana 2.7. An zaɓi ruwa marar danƙo ne don yana kwashe zafi da saurin gaske, kuma abun da ke taƙaita wannan kwashewar shi ne cukurkuɗen zaren nan, don haka injiniyoyi dole su san lissafinsa. Masu nazarin taurari ma suna ciki. Tauraron Vela, wanda ake ganin akwai ruwa marar danƙo a cikinsa, yana juyawa wajen sau 11 a daƙiƙa, yana rage gudu a hankali, a 1969 aka ga ya ƙara gudu farat ɗaya, Anderson da Itoh a 1975 suka ce zaren guguwa ne masu ɗimbin yawa da suka maƙale a cikinsa suka kuɓuce lokaci guda.

Fatan da ya fi girma shi ne tunda wannan hargitsi zare ne da za a iya ƙirgawa, ƙila ya zama ƙwarangwal da za a fahimci hargitsin iska da ruwa da shi, wanda ya shafi hasashen yanayi da man da jirgi ke sha da tura gas a bututu. Masu goyon baya na cewa kamannin da aka gani a 1998 ba banza ba ne, masu shakka na cewa kama da wane ba ta wane. Zuwa yanzu dai ba wani hasashen damina da ya dogara da shi.

Wurin da hiliyom ya fi kusa da ɗan Najeriya shi ne asibiti. Yawancin manyan na'urorin hoton MRI suna jiƙa maganaɗisunsu ne a ruwan hiliyom na Kelbin 4, wato mai danƙon, kuma tsofaffin samfura kan ɗauki sama da lita 1,000. Ana samo hiliyom daga wasu rijiyoyin gas, Amurka da Katar ne kan gaba sai Aljeriya da Rasha, mu shigo da shi ake yi da dala, in wuta ta daɗe ba ta zo ba injin sanyaya ya tsaya sai ya riƙa tsiyayewa ya bi iska, kuma wanda ya tashi sama ya tafi ke nan ba ya dawowa. Wannan na cikin abubuwan da ke shiga kuɗin hoton da ake rubuta wa majiyyaci a Jos ko Abuja. Kamfanoni sun fara fito da na'urori rufaffu masu buƙatar 'yan litoci kaɗan, akwai kuma ƙananan da ba sa amfani da hiliyom sam, sai dai hotonsu bai kai na manyan fitowa ba.

Ga ɗalibai kuma, gwajin kansa yana son kayan sanyi masu tsada da wutar da ba ta ɗaukewa, amma ɓangaren lissafi ba haka ba. Ƙa'idar Gross da Pitaevskii a shimfiɗaɗɗen fili mai tsawo da faɗi kawai tana gudana a laftof ta yau da kullum da manhajar Python, ɗalibin aji huɗu a Jami'ar Jos ko mai digiri na biyu a Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda zai iya jefa guguwa 20 a allo, rabi masu juyin dama rabi na hagu, ya zauna ya ga waɗanda za su haɗu su kashe juna da waɗanda za su taru su yi dami.